Kafin a Liƙa Hoto a Bayan Tagar Manhaja

Duk shekara idan lokacin kare aikin kammala karatu ya zo a sassan nazarin kwamfuta na jami'o'i da kwalejojin fasaha, akwai abin da ke yawan maimaita kansa a zauren. Ɗalibi zai jona kwamfutarsa da majigi, ya danna manhajar da ya kwashe watanni yana haɗawa, taga ta buɗe. Abin da ido zai fara cin karo da shi hoto ne da ya mamaye tagar daga sama har ƙasa: ƙofar makaranta, ko likita cikin farar riga yana murmushi, ko tulin ƙwayoyin magani ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. A kan wannan hoton aka jera gurbin suna, da na lamba, da maɓallai. Sai malaman da ke layin gaba su miƙa wuya, su ƙanƙance ido, wani ya ce a karanto masa abin da ke rubuce a gurbi na uku.

Ɗalibin bai yi laifi ba don ya so aikinsa ya yi kyau. Tagar da kwamfuta ke ba mai koyo a ranar farko launin toka ce, babu armashi, kuma duk wanda ya sha wahalar gina abu yana son a gani a yaba. Shi ya sa yadda ake sanya hoton bango ke cikin tambayoyin farko da masu koyon haɗa manhaja ke yi, tun kafin su iya adana bayani ko gyara kuskuren lissafi. Matsalar tana wurin masu koyarwa, waɗanda suka ɗauki abin a matsayin kwalliyar da ba ta cancanci darasi ba, suka bar ɗalibi ya kwafo layi biyar daga intanet ya liƙa. Alhali a cikin layukan nan biyar akwai rabin abin da ya kamata mai haɗa manhaja ya sani game da yadda kwamfuta ke zana abu, da nauyin da take ɗauka, da kuma mutumin da zai zauna gaban manhajar daga safe zuwa la'asar.

Da yawa suna zaton ana rataya hoton ne sau ɗaya kamar kalandar bango, a wuce wurin. Kwamfuta ba ta aiki haka. Duk lokacin da aka ja gefen taga don a faɗaɗa ta, ko aka naɗe ta aka sake buɗewa, ko wani abu a cikinta ya canza, sai an sake zana wurin da abin ya shafa. Zanen kuma yana da tsari irin na mai fenti: a fara da bango, sannan a ɗora abin da ke kansa. Wanda bai fahimci wannan ba zai yi ta mamakin dalilin da hotonsa ke ɓacewa, ko ya rufe maɓallai, ko tagar ta riƙa ƙiftawa kamar fitilar da batirinta ya yi sanyi.

A harshen Java, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, tagar da ake kira JFrame ba ta zo da wani umarni na sanya hoton bango ba ko kaɗan. Hanyar da aka saba bi ita ce mutum ya ƙirƙiri nasa faifan daga JPanel, ya sake rubuta sashen da ake kira paintComponent, a ciki ya ba da umarnin zana hoton daidai faɗi da tsawon faifan. Nan ne masu koyo ke faɗawa rami na farko. Sai su sanya umarnin ɗauko hoton daga faifan ajiya a cikin wannan sashen, ba tare da sanin cewa Java na iya kiransa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya idan ana jan taga ba. Kamar mai shayi ne da zai koma kasuwa sayen sukari duk lokacin da aka ce a haɗa kofi ɗaya. Gyaran ba shi da wuya: a ɗauko hoton sau ɗaya lokacin da manhaja ke tashi, a ajiye shi a hannu. Rami na biyu yana gaba kaɗan. Duk faifan da aka ɗora a kan na farko yana zuwa da nasa launin tokar, sai ya rufe hoton ruf, har sai an gaya masa da setOpaque cewa ya bari a ga abin da ke bayansa.

Ramin harshen Python ya fi ban haushi, domin shiru yake yi. Tkinter, kayan gina taga da ke zuwa tare da Python, an ɗora shi ne a kan Tk, wanda John Ousterhout ya fitar a 1991. Ɗalibi zai rubuta komai daidai: ya ɗauko hoton da PhotoImage, ya miƙa shi ga Label, ya shimfiɗa a tagar. Ya kunna, sai ya ga fili fayau, babu hoto, babu kuma saƙon kuskure ko ɗaya da zai nuna masa inda aka kwana. Abin da ya faru shi ne Python yana da mai shara a cikinsa, wanda ke kwashe duk abin da babu wani suna da ke riƙe da shi. Idan an ɗauko hoton a cikin wani ɗan sashe na umarni, da zarar sashen ya ƙare sunan ya tafi, mai shara ya zo ya kwashe hoton, Tk kuma ya bar gurbin wayam. Layi ɗaya tak ke warware wannan, wato a ɗaure hoton a jikin wani abu da zai daɗe a raye. Amma ɗalibin da aka zauna aka yi wa bayanin dalilin wannan layin ya koyi yadda kwamfuta ke sarrafa ma'adanarta, darasin da zai bi shi har ƙarshen aikinsa. Wanda ya kwafa kawai zai sake faɗawa ramin a wata manhajar. Ga kuma wani ƙarin: Tk bai fara karanta hoton PNG da kansa ba sai a fitowa ta 8.6 a ƙarshen 2012, hoton JPEG kuwa, irin wanda wayoyi ke ɗauka, sai an nemo taimakon wani ƙunshi mai suna Pillow.

Masu amfani da Windows Forms na Microsoft sun fi samun sauƙi, don akwai gurbi na musamman mai suna BackgroundImage da ake zaɓar hoto a ciki ba tare da rubuta komai ba. Sai dai idan ba a taɓa saitinsa ba, maimaita hoton yake yi kamar tayil a tsakar ɗaki. A Qt kuwa, wani kayan gina taga da aka fara a ƙasar Norway, wanda ya ba da umarnin hoton ba tare da ya ambaci sunan tagar ba zai tarar kowane maɓalli da kowane gurbi ya ɗauki nasa kwafin hoton.

Sai batun inda hoton yake zaune. Wannan shi ne ya fi kunyata mutane a bainar jama'a. Mai koyo zai rubuta cikakken adireshin hoton kamar yadda yake a kwamfutarsa, har da sunansa da sunan foldar da ya ajiye shi. A gida komai lafiya. Ranar da aka kwafi manhajar a filashi aka kai kwamfutar shago ko ta ofishin shugaban makaranta, babu wannan folda, babu wannan suna, sai manhajar ta buɗe babu hoto ko ta ƙi buɗewa ɗungurungum. Kowane harshe yana da hanyar ƙunshe hoto a cikin manhajar kanta don su yi tafiya tare. A Java ana sanya shi cikin ƙunshin JAR a kira shi da getResource. Aikin minti biyar ne ga wanda aka nuna wa.

Nauyi kuma lissafinsa a fili yake. Hoton waya mai ɗigo 4,000 a faɗi da 3,000 a tsaye yana da ɗigo miliyan 12. A cikin waya zai nuna megabayit uku ko huɗu ne kawai, saboda a matse yake. Amma kafin kwamfuta ta zana shi sai ta warware shi, kowane ɗigo ya ci bayit huɗu, jimilla megabayit 48 ke nan a ma'adanar aiki, don hoto ɗaya. Fuskar yawancin tsofaffin kwamfutocin hannu da ke shaguna da ofisoshi ɗigo 1,366 ce a faɗi da 768 a tsaye, wato ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai. Cikin kowane ɗigo 12 na hoton, kusan 11 zubar da su za a yi, kuma sai kwamfuta ta yi gumin zubarwar duk lokacin da aka sake zane. Wanda ya rage girman hoton tun kafin ya sanya shi ya huta, ya kuma hutar da na'urar mai shago. Haka nan siffa: hoton waya yawanci huɗu bisa uku ne, fuskar kwamfuta kuwa 16 bisa tara. Idan aka ja shi da ƙarfi ya cika tagar, da'ira ta koma ƙwai, tambarin makaranta ya baje, fuskar mutum ta yi faɗi. Ko dai a yanke gefe, ko a bar fili, amma dole a zaɓi ɗaya da gangan.

Duk waɗannan ana iya gyara su da ilimi. Abin da ya fi su girma shi ne ido.

Rubutu yana karantuwa ne saboda bambancin haske tsakaninsa da abin da ke bayansa, kuma wannan bambancin ana auna shi. Ƙa'idojin WCAG 2.0, waɗanda ƙungiyar W3C mai tsara dokokin shafukan intanet ta fitar a Disambar 2008, sun nemi bambancin ya kai 4.5 bisa ɗaya ga rubutu na yau da kullum, da uku bisa ɗaya ga manyan haruffa. Baƙin rubutu a kan farar takarda yana ba da 21 bisa ɗaya, wanda shi ne ƙololuwa. An rubuta ƙa'idojin ne don shafukan intanet, amma idon da ke karanta shafi shi ne dai ke karanta tagar manhaja. Hoto kuwa ba shi da launi ɗaya. A kusurwar sama akwai farin gajimare, a ƙasa akwai inuwar bishiya. Baƙin rubutu zai fito a sama ya nutse a ƙasa, fari kuma akasin haka. Babu launin rubutun da zai ci jarrabawar a ko'ina, kuma idan aka ja tagar, kalmar da ke kan gajimare ɗazu ta koma kan inuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2019 aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, na kusa ko na nesa. Ganin kusa yakan fara raguwa da zarar mutum ya haura shekara 40, kuma a waɗannan shekarun ne ake samun akawu, da shugaban makaranta, da mai kantin magani, mutanen da ake haɗa wa irin waɗannan manhajoji. Wanda ya haɗa matashi ne mai kaifin ido, a ɗaki mai inuwa, kuma ya san abin da ke kowane gurbi tun kafin ya duba. Wanda zai yi aiki da ita yana bakin titi, hasken rana na dukan gilashin, ƙurar hunturu ta kwanta a kai, mutum biyar na jiran canji. Idan takwas ta yi masa kama da uku saboda reshen bishiya ya ratsa ta bayanta, kuɗi ne suka salwanta. Idan adadin ƙwayar magani ne, abin ya wuce kuɗi.

Ga mai rubuta manhaja da Hausa akwai ƙarin dalili. Bambancin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ko kasa da ƙasa, 'yar ƙugiya ce da ba ta wuce ɗigo kaɗan a kan gilashi ba. Haka ɗigon da ke raba haruffa a rubutun ajami da na Larabci. Su ne farkon abin da hayaniyar hoto ke haɗiyewa.

Manyan kamfanoni ma sun bi ta wannan hanyar, kuma da kuɗinsu suka sayi darasin. A Maris 1995 Microsoft ya fitar da wata manhaja mai suna Bob, wadda ta mayar da fuskar kwamfuta zanen ɗakunan gida: a danna agogon bango kalanda ta buɗe, a danna alƙalami da takarda a rubuta wasiƙa, ga wani kare mai suna Rover yana yi wa mutum jagora. Ba ta yi nisa ba, a farkon 1996 aka janye ta. Apple ya shafe shekaru yana shimfiɗa hoton fata da katako da koren ƙyalle a bayan manhajojin iPhone, sannan ya share su gaba ɗaya a iOS 7 a 2013. A 2025 kamfanin ya dawo da wani salo mai kama da gilashi da ya kira Liquid Glass, kuma babban ƙorafin da ya biyo baya shi ne rubutu na wahalar karantuwa idan abin da ke baya ya yi yawan launi, har sai da aka ƙara zaɓin rage shara-sharan.

Hoton bangon da ya fi kowanne shahara a tarihin kwamfuta shi ma yana da abin faɗa. Charles O'Rear, wanda ya taɓa ɗaukar wa mujallar National Geographic hoto, ya tsaya a gefen hanya a gundumar Sonoma ta jihar Kalifoniya ya ɗauki wani koren tudu ƙarƙashin shuɗin sama. Microsoft ya saya, ya sa masa suna Bliss, ya fito da shi tare da Windows XP a Oktoban 2001. Duk wanda ya shiga shagon intanet a waɗancan shekarun ya san shi. Amma a ina aka ajiye shi? A can bayan komai, inda ba a karatu ba a lissafi. Da an buɗe Word ko Excel, farar takarda ce ke rufe tudun. Kamfanin da ya mallaki hoton bai shimfiɗa shi a bayan jadawalin albashi ba. Ko a Windows 11 na 2021, da aka so taga ta ɗan ɗauko kamannin hoton bango, abin da aka yi shi ne wani salo mai suna Mica, wanda ke ɗebo launin hoton kawai ya dusashe shi har babu sauran siffar da za ta yi gogayya da rubutu.

Masu son hoto suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Za su kawo Winamp, manhajar sauraron sauti da ta fito a 1997, wadda mutane suka yi mata dubun-dubatar riguna na zane, kowa da irin tasa, kuma wannan na cikin abin da ya sa aka ƙaunace ta. Gaskiya ne. Amma Winamp maɓallanta kaɗan ne, kowa ya haddace wurinsu, kuma mai kwamfutar ne ke zaɓar rigar da kansa, ya cire ta ranar da ta ishe shi. Za su kuma ce mai makaranta ko mai shago da ya biya kuɗi shi ne ke cewa a sa hoton gininsa. Wannan ma gaskiya ne, kuma yana da haƙƙi. Aikin mai haɗa manhaja shi ne ya nema wa hoton wurin da ya dace, ya kuma yi wa mai kuɗin bayani da girmamawa.

Makarantar allo ta daɗe da raba wannan gardama. Akwai allon zayyana, wanda ake ƙawata shi da launuka da zane mai sarƙaƙiya don ranar sauka, a ɗaga shi kowa ya gani. Akwai kuma allon karatu na kullum, wanda ake wankewa tas a shanya kafin a ɗora masa tawada, domin kowane wasali da kowane ɗigo ya fito. Babu malamin da zai rubuta wa almajiri darasin gobe a kan zayyana. Manhaja ma tana da wurin zayyanarta: tagar maraba da ke fitowa lokacin da ake tashi, tagar shiga inda gurbi biyu ne kawai, da shafin da ke bayanin wanda ya haɗa ta. A nan hoto na iya sakewa. Tagar da ake shigar da maki, ko farashi, ko sunan majiyyaci kuwa allon karatu ce.

Inda kuma ya zama dole hoto da rubutu su haɗu, akwai dabarun da ba su fi layi biyu ko uku ba. Ana iya shimfiɗa wani mayafi fari ko baƙi mai shara-shara a kan hoton don ya lafa. Ana iya dusashe shi tun a manhajar gyaran hoto. Mafi inganci shi ne a ɗora rubutun da guraben a kan wani faifai mai launi ɗaya, hoton ya tsaya a gefe yana leƙowa. A kuma bar wa mai aiki maɓallin kashe hoton idan ya dame shi. Hoton kansa ya zama na mutum ne ko wanda aka ba shi izini, domin abin da aka tsinta a Google yana da mai shi, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, ta haɗa da hotuna. Wayar da ke aljihun ɗalibi ta isa ta ɗauko masa ƙofar makarantarsu da safe.

Malaman da ke duba waɗannan ayyuka su ne ke da wuƙa da nama. Darasi ɗaya na awa biyu ya isa a nuna wa aji yadda taga ke sake zana kanta, da dalilin da hoto ke ɓacewa a Python, da lissafin megabayit 48. Ranar karewa kuma, kafin a ba da maki, a ja gefen tagar a ga ko hoton ya baje, a kwafi manhajar zuwa wata kwamfutar a ga ko za ta buɗe, sannan a kira mafi yawan shekaru a zauren, ko masinja ne, a zaunar da shi gaban gilashin a ce ya karanta lambobin da ke gurbi na uku. Idan ya yi jinkiri, a mayar wa ɗalibin aikinsa ya je ya gyara.